Marfin Kwalba a Bakin Majanyi

Har ƙasa ta rufe idona ba ni mantawa da ranar da na tsayar da layin awon yara, ni mai shara, da tsintsiya a hannuna. Talata ce, tsakiyar damina, gero ya fara fidda kai. Ku da kunka shigo aikin nan daga baya kun tarar da marfin kwalba ɗaure a bakin majanyin mata, kamar da shi anka gina asibitin. To ku gyara zama ku ji inda ya fito.

Shekara goma sha tara na yi a ƙaramin asibitinmu na ƙasar Sabon Birni. Ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya a takarda ba. Aikina shara, ɗibar ruwa, wankin zannuwa, sai ranar Talata in riƙa wa mata yara in za a ɗora su a sikeli. Talata ita ce ranar masu tamowa, yaran da yunwa da ciwo sunka tsotse. Ga yadda ake yi, don wanda bai sani ba. Mace ta iso ta tsaya teburin kati, a nemo katin ɗanta. Daga nan a auna nauyinsa, a naɗa masa zaren awo a dantse, a rubuta. Sannan a ba ta ƙullin gyaɗar nan ta magani na mako guda. Doka ɗaya ce mai ƙarfi: yaron da anka auna sau uku a jere bai ƙaru ba, ba a sallamarsa gida, takarda ake ba shi zuwa babban asibiti a kwantar da shi, don akwai wani ciwo a ƙarƙashin ramar. Kati ne ke tuna wannan. In babu kati, kowace Talata yaro baƙo ne.

Mai teburin kati shi ne Malam Bello, mutum mai sanyin hali, ba ya ɗaga wa mace murya. Amma kati a hannunsa ɓacewa yake. A faɗi suna, ya tona akwati daga farko har ƙarshe, babu. Layi ya tsaya. Matan Burkusuma da na Kurawa suna ta duban rana, masu babur suna ta kira a bakin ƙofa, don ba mai son la'asar ta riske shi a hanyar nan. In ya gaji da nema sai ya buɗe sabo. Sau biyu manya daga ofis suna ba shi takardar gargaɗi a kan haka, ya karɓa ya ninke.

Ana nan anka kawo mana sabon shugaba, mutumin Isa, Malam Nasiru. Incaj muke ce wa mai riƙe da asibiti. Ya je wani kwas a Sakkwato kan gyaran aiki, munka zaci injuna zai kawo. Bai kawo komai ba sai tabarma. Talatar farko ya shimfiɗa ta a gefen mata ya zauna tun safe har azahar, yana kallon inda ƙafa ke zuwa da inda take komowa. Ranar Alhamis bayan an tashi ya tara mu a gindin dogon yaro, har da maigadi.

Ya ce, "Kowa ya kawo abu ɗaya da ke cin lokaci ko ƙarfi a banza. Ƙarami nake so, wanda za mu gwada Talata mai zuwa. In bai yi ba mu sake wani. Kuma ba na tambayar wa ya yi kuskure, mi ya kawo kuskuren nake tambaya."

Haka munka riƙa yi kowace Alhamis. Anka dawo da sikeli kusa da teburin kati, mata sunka huta da zagaye gini da goyo. Anka kai randa inda ake jira. A zama na uku ya ƙara wata magana. Ya ce duk wanda ya ga abu ya karkace, ya tsayar da layi, ko wane ne.

Na ce, "Har ni, Malam?"

Ya ce, "Ke ce ta farko, Inna Tumba. Kin riga mu duka shiga ɗakin nan."

Sista Jummai mai awo ta ce, "To mun shiga uku, Inna za ta tare mu da tsintsiya." Anka yi dariya, ni ma na yi. Ban ɗauka ranar za ta zo ba.

Ranar kuwa ta zo. Wata matashiyar uwa daga Burkusuma, sunanta Rabi, ta iso teburi ita kaɗai, ruwan hanya bai bushe a zanenta ba. Malam Bello ya ce, "Sunan yaro?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ya sake tambaya a hankali, shiru. Sai ya ce, "Wace rana anka haife shi?" Ta ce Juma'a. Ya ce, "To, Ɗanjuma." Ya duba akwati, ba Ɗanjuma daga Burkusuma, ya jawo sabon kati.

Anka miƙo mini yaron in ɗora a sikeli. Hannuna ya san shi kafin idona. Akwai ɗan tabo a bayan kunnensa na hagu, kuma in ka ɗauke shi yana kama maka babban yatsa ya riƙe. Na riƙe yaron nan makon jiya. Na riƙe shi makon da ya gabaci wannan. Kuma kowane zuwa yana ƙara sauƙi a hannu, yau kam kamar ƙunshin auduga.

Mata sun fi arba'in a baya, hadari na haɗuwa gabas. Na ce a raina, Tumba, ke da ba ki san alif ba za ki tsayar da masu karatu? Sai yaron ya matse yatsana. Na ajiye tsintsiya a gaban teburi na ce, "A tsaya."

Sista Jummai ta ce, "Inna, lafiya?"

Na ce, "Wanga yaro ba baƙo ba ne. Zuwansa na uku ke nan."

Malam Bello ya ce, "Inna, wallahi babu katinsa."

Incaj ya fito daga ɗakinsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa matan su yi haƙuri kaɗan, ya ce mini, "Faɗa mana abin da kinka gani."

Na ja Rabi gefe, bayan randa, inda ba namiji. Na ce, "Ɗiyata, na fari ne?" Ta gyaɗa kai. Na ce, "Sunan surukinki anka sa masa?" Ta rufe fuska da mayafi. Shi ke nan na gane. Kunya biyu ce a kanta: ɗan fari, kuma mai sunan uban mijinta. Ko wuƙa za a sa mata ba ta faɗin sunan nan a gaban mutane.

Na ce, "Zuwan farko wa ya rako ki?"

Ta ce, "Gwaggon maigidanmu."

"Mi take ce masa?"

"Babangida."

"Na biyu fa?"

"Maƙwabciyarmu. Ita Sanda take cewa."

Na komo na ce wa Malam Bello ya nemo Babangida ya nemo Sanda, duka na Burkusuma. Ya nemo. Incaj ya jera katunan uku a kan teburi, ya bi lambobin da yatsa, na ga fuskarsa ta sauya. Yaro ɗaya, suna uku, nauyi yana sauka kowane mako, ba wanda ya gani. Da an sallame shi ranar da ƙullin gyaɗa, da an soma ƙidaya daga ɗaya, hanya kuwa ruwa na gab da yanke ta.

Nan take Incaj ya rubuta takardar babban asibiti. Rabi ta ce ba ta iya tafiya ba da sanin maigida ba. Ya kira mai babur ɗin da ya kawo ta, ya ba shi saƙo baki da baki. Na ce, "Za ni raka ta, Malam." Ya ce in je. A hanya ba ta kalli yaron ba ko sau ɗaya, ni na riƙe shi. Amma hannunta na kan tafin ƙafarsa a ƙarƙashin mayafi har munka isa.

Alhamis a gindin dogon yaro Malam Bello ya riga kowa magana. Ya ce, "Laifina ne. Na san al'adar, matata ma haka take. In na ga mace ta yi shiru ba na son in kunyata ta, sai in karɓi sunan da na samu."

Incaj ya ce, "Karamci ka yi, Malam Bello. Teburinmu ne ke tambayar abin da uwa ba ta iya faɗi. Shi za mu gyara."

Sista Jummai ta ce a riƙa yi wa mata wa'azi su daina kunyar nan. Na ce mata, "Sista, ke ɗanki na fari mi sunansa?" Ta ce, "Kai, Inna." Maigadi ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Munka fara gwaji. Da farko anka ba kowace uwa 'yar takarda mai lamba. Mako biyu, rabi sun jiƙe a hanya, wasu an wanke su cikin zane, ɗaya akuya ta cinye. Munka bari. Maigadi ya kawo shawarar marfin kwalba na roba, a ƙona lamba a kai da ƙusa mai zafi, a huda a sa zare. Anka ɗaura wa yara a hannu. Talata ɗaya kawai munka cire, don yaran kai wa baki suke, ga hannun ya rame zaren na zamewa. A zama na gaba Incaj ya ce, "Mi ne uwa ba ta taɓa barowa gida in za ta kawo yaro?" Na ce, "Majanyi. Ba goyo sai da shi." Anka ɗaura a bakin majanyi, ta baya, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Daga baya Malam Bello da kansa ya raba launi: ja na Burkusuma, shuɗi na Kurawa, kore na cikin gari, ya raba akwatinsa haka. Mace ta juyo baya kawai, ya duba, ya zaro kati. Ba a tambayar kowa suna sai ranar farko, ita ma ni ke tambaya a bayan randa, ko 'yar rakiya ta raɗa mini na yanka. Kafin azahar rumfar jira ta watse, masu babur sun daina kira. Takardar gargaɗi ba ta sake zuwa ba.

An ce mini yanzu kuna neman wata dabara da ta fi marfin kwalba. Ku nema, Allah ya ba ku sa'a. Ba don ya dawwama munka yi shi ba. Abin da nake roƙonku, kowace dabara kunka kawo, ku fara zama a tabarma ku duba mutanen da za a yi wa ita. Mu mun yi shekaru muna neman kati a akwati, alhali matsalar tana tsaye a gabanmu da kai a sunkuye. Kuma ku bar wa mai shara bakin magana, wani abin hannu ke saninsa, takarda ba ta sani ba.

Shekara uku bayan haka, dab da in ajiye aiki, Rabi ta zo rigakafi da jaririya. Da yake ba Talatar masu tamowa ba ce, Malam Bello ya ce suna, ta ce "Hadiza," da ƙarfi har na waje sunka ji. Na matso na ce, "Ɗiyata, ina wancan?"

Ta kau da kai ta ce, "Oho. Yana can ya hana kajin mutane sakewa."

Ta juya za ta fita, sai na hango bakin majanyin da ta goya jaririyar. Jan marfin nan yana nan ɗaure, lambar ta kusa shafewa, zaren kuwa sabo ne.