A Auna Su Da Rigunansu

Shekara goma sha ɗaya yayata ta yi tana auna jarirai a wani ɗan ɗaki na asibitin unguwa, har sunanta ya ɓace, kowa sai Mai Sikeli. Aikin bincike ne da gwamnati ke ba da kuɗinsa, ana bin yara tun daga haihuwa don a ga yadda suke girma. Duk wanda nauyinsa ya gaza kai wani layi da aka shata, sai a sa shi cikin masu karɓar abincin gina jiki, ƙunshi goma sha huɗu a mako.

Yaya ba ta da fara'a, ni da muka fito ciki ɗaya ma ban cika ganin haƙoranta ba. Amma tana da ƙa'ida: yaro ba ya hawa sikelinta sai tsirara. Riga, hula, takalmi, kunzugu, duk sai an tuɓe. In uwa ta yi mitar sanyi, sai ta ce, "Ɗanki kika kawo in auna ko wankinki?"

Sai aka kawo sabon shugaban aiki, wani likita da ƙamshin turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Wa'adin tallafin ya kusa ƙarewa, ma'aikatar gwamnati kuma tana son ganin ci gaba kafin ta sake sakin kuɗi. Bai ce kowa ya rubuta ƙarya ba, ya fi ƙarfin wannan. Cewa ya yi tuɓe yara ɓata lokaci ne, kuma zubar musu da mutunci ne, daga yau a auna su da rigunansu. Mutuncin jariri ɗan wata goma! A tsakiyar sanyi kuwa ya yi wannan doka, lokacin da kowace uwa ke jibga wa ɗanta kaya.

Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai waɗanda nauyinsu ke bakin layi. Rigar sanyi ɗaya ta isa ta tsallakar da su."

Ya ce, "Ai tsallakawar muke nema, ko ba haka ba?"

Ta ƙi. Kafin mako ya zagayo an mayar da ita ɗakin ajiye katunan yara, inda ba kowa sai ƙura da kyankyasai, aka ɗora wata sabuwa a kan sikelin.

Cikin masu bakin layin akwai ɗan wata mai wankau, shekararsa ɗaya da rabi, wata huɗu yana karɓar ƙunshin. Uwarsa ba ta da komai sai tsofaffin kayan da masu kawo wanki suka bar mata, su take lafta masa. Ranar awo yana sanye da riga uku, wando biyu, takalmin da ya fi ƙafarsa, ga kunzugu jiƙe sharkaf. Allurar sikeli ta wuce layi da kaɗan. Aka buga wa katinsa hatimi, aka cire shi daga masu karɓa.

Bayan makonni na kai wa Yaya abincin rana, sai ga mai wankau ta leƙo ɗakin katunan, bakinta har kunne.

"Anti, na zo godiya ne. Sun ce ya warke."

Yaya ta karɓi yaron daga hannunta, ta zare rigunan ɗaya bayan ɗaya. Na kawar da kai. Haƙarƙarinsa a fili, fatar cinyarsa ta yamushe kamar ta tsoho.

"Kada ki koma gida," in ji Yaya. "Babban asibiti za mu, yanzu."

Kwana shida ya yi a can.

An sabunta tallafin, har da ƙari. An yi taro a otal, an ci an sha, an tafa wa likitan. Ni dai a teburin Yaya na ga rahoton aikin mai sheƙi. Ta buɗe mini shafin, ta ɗora yatsa a kan lambar katin ɗan mai wankau. Wata biyar da binne shi, yana nan cikin jerin waɗanda suka warke.