Malam Jatau da Littafin da ke Bin Jirgi

Kowace safiya Malam Jatau yakan hau kekensa daga Bakura zuwa gonar shinkafarsa, tabarau rataye da zare a wuya. Masu gaishe shi a hanya manomi suka sani. Kaɗan ne suka san ya shekara talatin da ɗaya yana adana takardun jiragen sama: wane jirgi ya tashi, yaushe, su wa suka tuƙa.

Ni 'yar Maradun ce, matuƙiyar jirgi, kuma ba na rage murya idan zan faɗa. Shekara huɗu na yi a wani kamfani na ƙasar waje, na tara awa dubu biyu da ɗari uku a sama. Kamfanin ya rushe, na dawo gida neman aiki. Inda na nema suka ce awowin waje ba za su shiga lissafi ba sai da shaida daga inda na yi su. Wa zai ba ni shaida, ofis a garƙame? Aka ce in koma sahun masu farawa. A gari wasu har sun fara cewa dama labari ne, mace da jirgi.

Kawuna Hayatu ya kai ni wurin Malam. Bayan doguwar gaisuwa ya karɓi littafin da nake rubuta awowina, ya bi shi da yatsa shafi-shafi, sannan ya ɗago.

"Ɗiyata, kamfani ya mutu, na ji. Jiragen fa, tare anka rufe su?"

Ya bayyana mini cewa kowane jirgi yana da nasa littafin, da sunayen matuƙan kowace tafiya, kuma idan aka sayar da jirgi littafin yakan bi shi. Ya kwafe lambobin jirage ukun da na tuƙa, ya shiga kiran tsofaffin abokan aiki har ya gano waɗanda suka saye su.

Salma mai shagon kwamfuta a Talata Mafara shaida ce. Wata bakwai yana zuwa duk Talata, ya faɗi wasiƙar neman shaida ta buga, ya sa ta sake idan kwanan wata ya kauce. Kamfani biyu suka amsa da wuri. Na ukun sai a wasiƙa ta tara.

Da ya gwada shaidar da suka aiko da littafina, sai ya gano na rubuta tafiya ɗaya sau biyu. Na ce Baba, awa uku ce fa, wa zai lura?

"Ni na lura," in ji shi. Ya ja layi, ya sa na sa hannu a gefe.

Na koma da fayil ɗina kaina a ɗage. Aka duba, aka karɓi awa dubu biyu da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Yau ina tashi da fasinja a sararin ƙasata, a matsayin da gumina ya kai ni.

Baba Jatau, kai ne ba ka taɓa zama kujerar matuƙi ba, ka mayar da ni kanta. Kai ne ka ƙi yin ƙarya domina ko ta awa uku. Na gode, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ku kuma da takardun mutane ke kan teburanku, ku yi koyi da shi. Ku buɗe fayil ku karanta kafin ku ce a'a, domin shekarun wani ne a ciki.