Ranar da Aka Sauko da Na'inna daga Jirgi

A Kebbe, duk matar da ta isa aure a wancan zamanin da wuya a ce kanta bai taɓa shiga hannun Na'inna ba. Makitsiya ce, 'yar Fakku, wadda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun tana yaye. Da hannu take tafiya, tana dafa wasu 'yan katakai biyu da mahaifinta ya sassaƙa mata. Da ta girma ta biyo goggonta Kebbe, ta kafa tabarma a tsakar gida, mata suka yi ta zuwa. Tana da barkwanci, tana da faɗa, kuma abu ɗaya ne ba ta yarda da shi: a ɗauke ta. Ko motar kasuwa za ta shiga, da kanta take kama ƙarfe ta haye.

Ƙanenta Sama'ilu malamin asibiti ne a Tambuwal. Ita ta goya shi, in ana kiran wannan goyo, don a cinya ya girma. Bayan an ba Sakkwato jiharta, albashi ya kyautata, mutane suka yi ta tafiya Makka kamar ana zuwa Jega. Sama'ilu ya biya musu kujera biyu. Tun kafin su tashi, matan unguwa suka fara ce mata Hajiya, tana korarsu da tsinken kitso tana dariya.

Sun yi kwanaki a sansanin alhazai kafin a kira jirginsu. Da rana tsaka aka kai su gindin matakala. Wasu ma'aikata biyu suka sunkuyo za su cicciɓe ta.

"Ku bari," in ji ta. "Ni ka hawa da kaina."

Ƙarfen ya sha rana, ya yi zafi kamar tanda. Ta rataya katakanta a wuya, ta hau da tafin hannu, Sama'ilu na bayanta riƙe da jakarta, alhazai sun yi cirko-cirko. Da ta kai sama hannuwanta sun yi ja, amma fuskarta a sake take. Ta ja jiki ta cikin siririyar hanyar tsakanin kujeru har inda lambarsu ta nuna, ta haye, ƙanenta ya ɗaura mata bel.

Ba a jima ba wani ma'aikacin jirgi ya zo ya durƙusa gabanta. Bahaushe ne, mai ladabi, gumi na zubo masa.

"Inna, ki yi haƙuri. Wannan kujerar ta bakin ƙofar gaggawa ce. Doka ta ce sai mai ƙafa, wanda zai iya buɗe ta in wani abu ya faru. Ke wurinki can gaba ne, kuma dole naki ya zauna kusa da ke."

"To mi ya hana ku ba mu can tun farko?" Sama'ilu ya tambaya. "Na faɗa musu lalurarta tun a Tambuwal."

"Maganar ba ta iso mu ba, Malam."

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: ƙarfafan mutum biyu daga gaba su dawo bakin ƙofa. Amma yawancin alhazan ba su taɓa shiga jirgi ba, an kuma gargaɗe su kowa ya riƙe lambarsa. Wani yana tare da tsohuwarsa, wani da matarsa. Da suka ji an ambaci ƙofar da ake buɗewa in an shiga hatsari, sai kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wani dattijo daga Dogon Daji, Malam Ɗangiwa, ya miƙe yana rawar jiki ya ce a ba ta wurinsa. Ma'aikacin ya dube shi, ya ce shi ma ya tsufa da wannan kujera.

Sama'ilu ya bi layi yana roƙo. Aka samu mutum ɗaya, na biyu ya gagara. Zafi ya cika jirgin, guna-guni ya tashi daga baya, Na'inna ta ji wata murya ta ce, "Gurguwa guda ta tsai da mu duka." Daga gaba saƙon matuƙi ya zo: lokaci ya ƙure, a sauko da ita, za a shirya mata wuri a jirgi na gaba.

Sama'ilu ya fara tattara kayansu. Ta riƙe masa hannu.

"Zamna. Ka tai ka yi muna addu'a."

"Yaya, ba ni tafiya in bar ki."

"Sama'ilu, in ka biyo ni ƙasa, ban yafe ba."

Saukowa ta fi hawa wuya, kuma ana sauri. Wannan karon ba a tambaye ta ba. Mutum biyu suka kama ta, ɗaya a kafaɗa ɗaya a gwiwa, suka sauko da ita a gaban jama'a. Ta runtse ido har suka ajiye ta.

Ta koma sansani ta jira. Jirgi na gaba ya cika, na bayansa aka ce babu nata da zai zauna kusa da ita. Tana nan har aka rufe jigila. Wata mota mai ɗaukar kayan gwari ta kawo ta Tambuwal, daga nan wani ɗan'uwa ya ƙarasa da ita Kebbe. Matan da suka taru da guɗa suka ga ba ta da tsaraba, ba ta da magana, sai suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Da Sama'ilu ya dawo, ya zauna bakin ɗakinta ya kasa ɗaga ido. Ta sa shi ya ba ta labarin Arfa da ɗawafi daki-daki, tana gyara masa inda ya yi tsalle. Ya ce baɗi za su koma tare, ya riga ya yi magana da manya.

"Allah shi kai mu," in ji ta.

Da baɗin ta zo, Na'inna tana jinyar goggonta. Daga baya al'amura suka tsuke, tafiya ta fi ƙarfin ma'aikaci irinsa. Na'inna ta rasu a wata damina, bayan zazzaɓin da bai kai mako ba. Sama'ilu yana Tambuwal, gulbi ya cika, hanya ta yanke, bai samu jana'izarta ba.