Na Wanke Gadon Mijina da Lemon Tsami

Assalamu alaikum edita da masu bibiyar wannan shafi. Ni 'yar Kano ce, ina zaune a unguwar Highbridge ta Bronx a birnin New York, kuma a lokacin da abin nan ya faru, duk wanda ya san ni da tsafta ya san ni, irin tsaftar da ke hana mutane sakat. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ko a can sai da wata tsohuwa ta roƙe ni in bar tukwanenta su huta. A gidanmu aka koya mini cewa tasar da ba ki ganin fuskarki a jikinta ba ta wanku ba. Da tsamiya da toka mahaifiyata take sa mu dirje kwanukan jerenta, in baƙi za su zo kuwa, har murafen sai sun ɗauki ido. Da wannan halin na ƙetare teku.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ko a jikinsa. Tebur yake kafawa a bakin titi a Manhattan, huluna da safar hannu in sanyi ya shigo, tabarau da lema in zafi ya dawo. Hajiya Soso yake kirana, ni kuma ina amsawa, don na san ban da abin cewa. Abu ɗaya ya hana ni taɓawa a gidan, wani gwangwanin biskit cike da tsofaffin sulalla. Wani mai ciniki ne ya taɓa haɗo masa da tsohuwar azurfa cikin canji, daga nan abin ya shiga ransa. Ranar Lahadi sai ya bi kasuwannin gwanjo, ya dawo da guda ɗaya ko biyu yana murna kamar an yi masa haihuwa. Akwai dalolin Amurka na azurfa, akwai namu na gida, anini da kwabo mai huda da sisi da sule. Kowanne yana cikin 'yar takarda mai tagar leda. Dattawana yake ce musu. Su kuwa baƙi ƙirin, wasu har da kore-kore, ganinsu kawai sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na sha yi masa tayin in ɗan goge masa su, kullum amsarsa ɗaya ce yana dariya:

"Hajiya Soso, dattawa ne, ba datti ba ne. Ni ki wanke ni in kina so, amma su ki bar min su."

Na ɗauka irin zancen da yake yi ne idan zan wanke masa tsohuwar hularsa. Ya sha ƙoƙarin yi mini bayani, ni kuwa hankalina yana kan tukunya, sai dai in ce to.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, farat ɗaya. Bayan an share makoki, malamin masallacinmu ya ce gado ba ya rabuwa sai an san darajar komai, kuma magada su ne ni da 'ya'yanmu da mahaifiyarsa, Inna, wadda ke Kano, ta tsufa har idonta ya yi rauni. Lauyan da ke bin mana takardun kotu shi ma ya ce ba za a karɓi ƙiyasin baki ba, dole ƙwararre ya duba sulallan ya rubuta darajarsu ya sa hannu. Ya haɗa mu da wata Baturiya mai wannan sana'a, aka sa ranar da za ta zo gida, tun da ina cikin takaba ba na fita.

Wanda bai yi takaba a gidan haya na New York ba, ba zai gane ba. Ba tsakar gida, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga, daga ke sai bango sai ƙarar jirgin ƙasa. Na wanke duk abin da ke wankuwa, har labulen da na wanke shekaranjiya na sake saukewa. Da ranar zuwan baƙuwar ta matso, na buɗe gwangwanin na duba, sai kunya ta kama ni. A ce Baturiya ta shigo gidana ta ga kayan mijina a haka, ta tafi tana cewa matarsa ƙazama ce? Wallahi da niyyar karrama shi na yi. Na shimfiɗa zani a tsakar falo, na ciro su ɗaya bayan ɗaya daga takardunsu, na yanka lemon tsami, na jiƙa kanwa, na ɗauko soson ƙarfe. Ina dirzawa ina kuka ina yi masa addu'a. Da manyan azurfar na fara, don su suka fi baƙi. Suka fito fes suna walƙiya, ni kuma a karon farko tun rasuwarsa na ji zuciyata ta yi sanyi. Abin da ya ceci ragowar, lemon tsamina ne ya ƙare, ba halin in fita sayo wani.

Matar ta zo, dattijuwa mai fara'a, ta cire takalmi a ƙofa ba tare da an ce mata ba, ta yi mini gaisuwar rashi. Ta sa farar safar hannu, ta ɗauko gilashin ƙara girma. Ni kuma na kawo mata faranti na jere masu ƙyallin a kai, ina jiran yabo. Ta ɗauki ɗaya ta gefe-gefe, ta duba, ta ajiye, ta ɗauki na biyu. Sai ta cire tabaraunta ta tambaye ni a hankali wa ya wanke su. Na ce ni ce, har da ɗan murmushina. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta yi mini bayani cewa wannan baƙin da na tsana shi ne shaidar shekarunsu, shi masu saye suke nema, kuma sosona ya bar zane-zanen da ba mai iya gyarawa. Waɗanda na wanke, akasarinsu sun koma kuɗin nauyin azurfarsu kawai. Ta ce mijina ya san abin da yake yi, ya zaɓi masu kyau, ya adana su yadda ya kamata. Nan take na ji muryarsa a kunnena, dattawa ne, ba datti ba ne. Sai na zauna a ƙasa.

Ta ci gaba da duba waɗanda suka tsira. Da ta zo kan wani kwabon jan ƙarfe mai huda da ya yi baƙi, ta ce wannan ba shi da wata daraja, ga shi kuma wani ya taɓa riƙe shi da gumi a hannu, shatin ɗan yatsa ya kama jikinsa, aibi ne a wurinsu. Ta miƙo mini gilashin in gani. Na ga layukan babban ɗan yatsa, da wani tabo da ya ratsa su a karkace. Na san tabon nan. Wuƙar yanka kwali ce ta yanke shi a wurin tebur, ni na ɗaure masa ina yi masa mita. Matar ta ga yadda na yi, ta rufe jakarta ta zauna tare da ni.

Malam ya ce abin da na ɓata haƙƙin magada ne, sai sun yafe. Yara suka yafe tun kafin in rufe baki. Saura Inna. Na daɗe ina ɗaukar waya ina ajiyewa, don matar nan ba ta taɓa ɓata mini ba, ga shi na rage mata abin da ɗanta ya bar mata. Da na kira, na faɗa mata komai, har zancen kwabon. Sai na ji tana dariya cikin kuka. Ta ce ai ɗanta ya taɓa gaya mata cewa ya auri matar da in an ba ta dama, ruwan sama ma sai ta wanke shi. Ta ce ta yafe duniya da lahira, amma a sa mata kwabon nan a cikin rabonta. Gabana ya faɗi, don shi kaɗai nake so a duk gwangwanin, amma na ce to Inna, zan ba matafiyi ya kawo miki.

"A'a 'yar nan," in ji ta, "ni idona ba ya gani, me zan kalla? Nawa ne, amma ki riƙe min amana, ki riƙa kallar mana shi. In kika wanke shi kuwa, wannan kam ban yafe ba."

'Yan uwana, musamman mata irina, abin da na koya ke nan. Kayan mamaci ba naki ba ne, ko da ke kika fi kowa son sa. Kada ki goge, kada ki gyara, kada ki ƙawata, sai wanda ya san kan abin ya gani. Idan kuma mijinki yana yi miki bayanin wani abin da yake so, ko shirme kika ɗauke shi, ki sauke tukunyar ki saurara, don ni yanzu ina da tambayoyi da yawa, ba wanda zan yi wa. Har yau ba a shiga gidana da takalmi, tukwanena kuma suna nan suna ɗaukar ido. Abu ɗaya ne baƙi ƙirin a ɗakina, yana cikin 'yar takardarsa a gefen gado, kuma duk Juma'a Inna sai ta kira ta tambaye ni ko dattijonta yana nan da dattinsa.