Ranar da Na Ƙi Cire wa Yaya Guba

Ko da zan manta da rabin abin da ya faru a gidanmu na Fagge, yammacin Asabar ɗin da na ƙi cire wa Yaya guba ba zai fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, amma in na rufe ido har yanzu ina ganin hasken talabijin a bangon falonmu, ina jin ƙugin tsohuwar fankar sama.

A lokacin ina shekarar farko a jami'a, Yaya kuwa, babban wanmu, ya gama hidimar ƙasa yana jiran aiki. Yana da wani aboki haifaffen Sabon Gari, iyayensa mutanen kudu ne masu shagon kayan wuta, amma Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin gari. Na-Sabon-Gari muke ce masa a gida. Duk Asabar bayan Azahar sai ya zo a babur da na'urar gem ɗinsa, wato wasan da ake yi a talabijin, cikin jakar goyo. Umma ta zuba masa abinci ba tare da ta tambaye shi ko zai ci ba, in ya gama su haɗa wayoyi.

Gem ɗin labarin wasu matafiya uku ne da suka fita neman ruwan saman da aka sace wa garinsu. Yaya ya ɗauki mai takobi, abokinsa ya ɗauki maharbi, aka rasa mai son na ukun, wato mai magani, don ba ta sara ba ta harbi. Ni ina gefe da littafina, aka miƙo min abin dannawa aka ce in riƙe kafin a sami wani. Ba a taɓa samun wanin ba, ni ma ban taɓa sakin abin ba.

Faɗan bi da bi ake yi, kowa ya yi abu ɗaya in layi ya zo kansa. Aikina shi ne lura. Abokan gaba sukan jefa wa mutum guba ta riƙa cin jininsa kaɗan-kaɗan, ko barci, ko makanta, ni kuma in cire. Ina kuma da nawa alherin da nake sa wa mutum: garkuwa mai rage zafin duka, ƙarin ƙarfi, da wata raɓa da ke mayar da jini a hankali. Amma duk ba sa daɗewa, sukan dushe. Su biyun idonsu na kan dodo, ni idona na kan 'yan alamomin da ke saman kan kowa, kore na guba, shuɗi na garkuwa. Ina son aikin ƙwarai. Ji nake kamar mai ban ruwa a lambu da sassafe, na san wace shuka ce ke jin ƙishirwa tun kafin ta langaɓe.

Ana nan sai takardar aikin Yaya ta fito, a Legas. Ranar Lahadi zai bi jirgin ƙasa. Saura mana dodo ɗaya mu gama gem ɗin da muka kusan shekara muna bi, Na-Sabon-Gari kuma ya ce shi ba zai ƙarasa da kowa ba in ba mu ukun nan ba. Magariba na yi, Baba zai kira Yaya su yi sallama da dangi. Ke nan ko mu gama a yammacin Asabar ɗin nan ta jajibirin tafiyarsa, ko garin nan na cikin talabijin ya zauna ba ruwa har abada. Wani zai ce ai wasa ne. To, ni wasan nan ne kaɗai wurin da nake zama kafaɗa da kafaɗa da Yaya, kuma ban so zamanmu na ƙarshe ya ƙare da faɗuwa ba.

Dodon wata ƙatuwar mujiya ce mai ido ɗaya a saman hasumiya. Gashin fukafukanta guba ne, idonta kuwa in ta buɗe shi a kan mutum sai ya zama dutse, kuma ba ni da maganin wannan. Muka shiga karon farko, ta watso gashi, Yaya da abokinsa duk suka kamu. Yaya ya ce, ko juyowa bai yi ba, in cire masa. Na cire. A gidanmu in Yaya ya ce a kawo ruwa ba a tsayawa tambaya, in kuma ana rabon abu da babba ake farawa, don haka hannuna ya riga tunanina. Layi na zagayowa mujiya ta buɗe ido a kansa, ya sandare da takobi a sama. Ba shi, ba mai dukan kirki, ta bi mu ta gama da mu.

Muka sake, haka. Muka kuma sakewa, haka. Yaya ya fara tsaki, abokinsa yana cewa wannan mujiyar ta tsani masu samun aikin gwamnati ne.

A wani karon ne na ga abin. Saboda kullum da Yaya nake farawa, shi Na-Sabon-Gari yakan zauna da gubarsa har layi ya sake zuwa kaina. Sai mujiyar ta juya ta buɗe masa ido yana ɗauke da koren alamar nan. Haske ya lulluɓe shi, ya yaye, yana nan tsaye garau. Ashe a gem ɗin nan cuta biyu manya ba sa zama a jiki ɗaya. Wanda guba ta riga ta kama, dutse ba ya samun wurin shiga. Duk lokacin da na wanke Yaya tas, ƙofa nake buɗe wa mujiya.

Na faɗa musu. Yaya ya yi dariya ya ce guba guba ce, kada in kawo masa irin tunanin waƙoƙin da nake rubutawa a bayan littafi. Abokinsa ya kalli agogo ya ce rana ta yi sanyi, wannan shiga ita ce ta ƙarshe. Ban sake gardama ba, amma na riga na yanke shawara.

Muka shiga. Na fara sa wa Yaya raɓa tun kafin a taɓa shi, ya ce ɓarnar layi nake. Mujiya ta watso gashi, kore ya fito a kansa.

"Cire min," ya ce.

"Ba zan cire ba, Yaya."

Sai da ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Tunda aka haife ni bai taɓa jin wannan kalma daga bakina ba. Umma, da ke tsakar gida tana ninke masa kayan tafiya, ta ɗaga murya ta tambaya wace ce ke mayar wa yayanta magana. Na-Sabon-Gari ya amsa mata da cewa likita ce ke kan aiki, a yi haƙuri da ita. Ni kuwa na danna garkuwa na sa masa a maimakon magani.

Mujiyar ta buɗe ido a kan mai takobi. Haske ya yaye, yana tsaye, takobinsa na motsi. Yaya ya gyara zama ya kai mata sara.

Daga nan aikina ya zama kamar riƙon tulu cike a ka. Guba na cin jininsa, raɓa na mayarwa, ni ina tsakani ina lura kada ɗaya ta rinjayi ɗaya. In shuɗin garkuwa ya fara dushewa in sabunta, in jinin maharbi ya yi ƙasa in leƙa shi in dawo. Yaya na ganin jininsa na sauka, amma bai sake cewa in cire masa ba.

Mujiya ta kusa faɗuwa sai na ga koren alamar Yaya ta fara ƙyaftawa. Guba ma tana da wa'adinta, ta kusa fita da kanta, ga shi mujiyar ta fara lumshe ido, alamar za ta buɗe. Layi ya zo kaina. A jakar mai maganina akwai kwalbar guba ta jifan abokan gaba, ban taɓa amfani da ita ba. Na zaɓe ta, na juya kibiyar zaɓi daga kan mujiya zuwa kan mai takobi.

"Ke, ni za ki jefa?" Yaya ya tambaya.

"Kai zan jefa. Ka yafe min."

Na jefa. Na-Sabon-Gari ya kwanta a kan kafet yana dariya yana cewa shi dai ya gode Allah ba shi da ƙanwa. Idon ya buɗe, ya rufe, bai sami komai ba. Da layi ya dawo na zuba wa Yaya ƙarin ƙarfi, jininsa saura ɗan siriri kamar zare, na ce masa yanzu ya sara. Ya sara. Mujiyar ta watse ta zama gajimare, ruwa ya sauka a kan wancan gari, muka zauna muna kallonsa har ladan ya fara kiran salla.

Yaya ya miƙe yana naɗe hannun riga don alwala. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wa abokinsa, ba tare da ya dube ni ba, wai in wata matsala ta taso a gida bayan tafiyarsa, a fara jin ta bakin wannan yarinyar. Daga wurin Yaya, wannan ya fi kowace irin sambarka.

Washegari muka raka shi tasha, ban yi kuka ba sai da jirgin ya ɓace.

Abin da yammacin nan ya koya min shi ne, gaggawar yi wa mutum abin da ya nema ba kullum take zama kulawa ba. Akwai ƙaramar wahalar da in ka yi saurin ɗauke wa wanda kake ƙauna, babba ka bar shi da ita. In na duba da kyau na tabbatar da abin da na gani, zan iya ce wa na gaba da ni a'a da muryar ladabi, in tsaya a kai, girmansa kuma yana nan bai ragu ba.