Saƙo ta Bakin Mukayyif

Wata bakwai mutumina bai ce mini uffan ba, alhali gadonsa ne a sama nawa a ƙasa, a ɗaki ɗaya a unguwar Sulay, can ƙasar waje inda muka je ci-rani. Shi Badamagare ne, ni ɗan Maraɗi, tare muke ɗaukar kwalaye a wani sito. Laifina yaji ne. Matarsa ta daka ta aiko masa a gwangwani, ni kuma na ƙarar da shi kaf a kan shinkafa, da baƙi biyu da na kwaso daga unguwar Batha. Da ya leƙa gwangwanin, sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Wallahi tallahi, muddin ina ƙasar nan ba ni ƙara yi maka magana."

Na yi dariya, na ɗauka zuwa la'asar zai huce.

Washegari ya tsaya gaban mukayyif, na'urar sanyin da ke kafe a tagarmu tana ƙara kamar injin markaɗe, ya ce, "Mukayyif, gaya wa mai gadon ƙasa motar aiki ta iso." Haka muka zauna. Ta bakin mukayyif yake tashina sallah, ta bakinsa yake ce mini gishiri ya yi yawa. In na amsa, sai ya jira kaɗan, wai sai saƙo ya iso. Lokacin da na'urar ta lalace, kwana uku ba a yi magana a ɗakinmu ba, har na tube riga na gyara ta da kaina.

Abin ya daina ba ni dariya. Shi ne ya yi jinyata lokacin da kwali ya faɗo mini a kafaɗa, kuma ina jin zafin yadda yake kallon taga in yana nufina. Na kai shi gaban limaminmu, liman ya ce ya yi kaffara ya warware. Mutumina ya ce, "Allah ya gafarta malam, magana zarar bunu ce. Ai ban ƙaurace masa ba, kwano ɗaya muke ci. Bakina kawai na ɗaure."

Mai kula da sitonmu, wani Bamisire da ya karanci harshen Girka kafin neman abinci ya jefo shi cikin kwalaye, ya ce mini ba sabon abu ba ne. Wai Girkawan da sukan rubuta "na ɗaure ka" a kan darma su binne a kabari, kuma faɗar ita ce ɗaurin, ba a jiran igiya. Mamacin ne ɗan aike. Ya ce, "Gode wa Allah, kai ɗan aikenku yana ba da sanyi." Ban ga abin godiya ba.

Ana nan sai kwantiragin mutumina ya ƙare, aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, ta komawa gida. Ranar tafiya na riƙe masa jaka har bakin mota, na ce, "Don Allah kalma ɗaya, ko zagi ne." Ya dube ni ido ya cika, ya koma da gudu cikin ɗaki. Ta taga na ji shi: "Mukayyif, ka kula mini da shi, ba ya rufa in ya kwanta." Ya fito ya shiga mota. Na yi fushi ƙwarai, ko hannu ban ɗaga masa ba.

Bayan kwana biyu ina shan shayi wayata ta yi ƙara, lambar gida.

"Kai, ɓarawon yaji! Na taka ƙasar Nijar. Na yafe maka. Kana jina? Kai nake wa magana, kai."

Na ajiye kofin shayin. Yana ta cewa "Alo, alo." Sai na juya wajen taga na ce, "Mukayyif, gaya masa na ji."