Fatar da Sunka Kira Layar Illa

Yau shekara bakwai da rasuwar Illa bakanike, abokina tun muna kiwon awaki a Barmu. Ni dillalin tumaki ne a kasuwar Tawa, bokona bai wuce aji biyu ba, shi ma kora ta anka yi saboda barci. Amma haushi ba ya bukatar takarda, shi ya sa na kawo nawa gidan jarida.

Illa ya bar tsohuwar mota kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya, wadda ta girmi 'ya'yansa duka. A hannunsa, in tana tsaye a ralanti, inji na aiki a hankali, sai ka aza kofin shayi bisa kanta bai zube ba. Bayan sadakar arba'in, babban ɗansa Sabi'u ya buɗe inji zai wanke, ya tarar da wata 'yar fata baƙa, an naɗe ta da zare, manne a gefen karbiratar. Ya kira maƙwabta. Kowa ya leƙa ya ce laya ce. Sunka cizge ta sunka ƙone, har da neman tsari.

Tun ranar motar ba ta ƙara zama lafiya ba. In tana gudu ƙalau, da ta tsaya sai kyarma da tari, ta mutu a tsakiyar tasha. An canza buji, wato fulogi, an canza wayoyi, an wanke karbiratar har ta gaji. Sai gari ya samu abin faɗi: ashe da asiri Illa ke gyara, ga shi an cire laya mota ta haukace. Waɗanda ya tashi motocinsu a dajin Bambai, su ne sunka fara tuna cewa sun sha ganinsa yana zagaya inji da hayaƙi. Mutumin da ni ke jan shi hira ya bar ni ya tafi masallaci, shi anka mayar boka. Ɗansa ma in an ambaci uban sai ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyon ne ya fi ci mini rai.

Ni ma na ga hayaƙin nan sau da yawa, amma lokacin hankalina na kan shayinsa. Sai bana, ina kallon hayaƙin murhu yana bin kafar ƙofa, maganarsa ta faɗo mini. Ya kan ce injin da ke kyarma a tsaye, in buji da wuta lafiya, to iska ce ke shiga ta inda ba a gayyace ta ba, kuma hayaƙi ne ke nuna ƙofarta.

Na tafi gidan Illa da tsumma. Sabi'u ya ga na kunna shi yana hayaƙi, ya ɓata fuska.

"Baba, kai ma?"

"Tada motar, ka rufe mini baki."

Na bi gefen inji da hayaƙin a hankali, don rago na sani, ban san isansin mota ba. Daidai inda fatar take dā, hayaƙin ya lanƙwasa ya shige wani ɗan rami, bakin tiyon da ya karye tun zamanin da. Na danna babban yatsa. Motar ta yi lum. Na ɗaga, ta koma tari. Na sake, na sake, har maƙwabtan sunka taru, na ce kowa ya zo ya gaida bokan, ga shi nan a yatsana, yana warin tumaki.

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya ce a yafe musu kuma.

Da Illa zai leƙo yau, na san ba zai yi faɗa ba, dariya zai yi ya ce a ɗora shayi. Shi ma ina da haushinsa. Mutum ya toshe rami da guntun fata, ya kasa buɗe baki ya gaya wa ɗansa?

Garejinsa ya zama shagon waya, kayan aikinsa sun watse. Abin da ya rage sunansa ne, shi ma sai da anka ƙone shi tare da fatar. Ranar da na gano ramin, Sabi'u ya cire takalminsa, ya yanki maɗaurinsa na fata, ya nemi zare wajen uwarsa, ya duƙa bisa injin.

"Baba, yaya yake naɗa ta?"

Allah ya jiƙan Illa. Masu bakin kuma, motar na tasha kowace safiya, su zo su aza shayinsu.